WA YA BA MU MABUƊIN WUTA?

Akwai wani ɗan'uwanmu ɗalibi, mutumin ƙasar Kankiya ta wajen iyaka da Matazu, wanda ba za mu ambaci sunansa a nan ba, dalili kuwa kowa ya san shi. Wani dare muna hira a ɗaki, mu 'yan Kankiya da Kusada da muka saba shiga mota ɗaya in za mu gida hutu, sai aka lura ya kwana biyu bai je coci ba, aka yi masa ba'a ko ya kusa tuba ne ya dawo cikinmu. Ya yi shiru, sa'an nan ya ce shi dai yanzu ba coci ba masallaci, domin ya daina yarda akwai wanda ake wa sujada. Ɗakin ya yi tsit. Da aka matsa masa, sai ya ba mu labarin kakarsa.

Ita wannan tsohuwa Bamaguziya ce, a kan al'adar iyayenta ta rayu, a kanta ta mutu. Lokacin farin 1973, da hatsi ya ƙare wa mutane, rumbunta ne ya riƙe gidaje da dama a unguwarsu, ba ta tambayi kowa alƙiblarsa ba kafin ta auna masa. Ɗanta ɗaya ya shiga Kirista, shi ne uban abokinmu. Ɗayan ya musulunta. 'Yan'uwan nan biyu sun shekara talatin suna jayayya a kan kome, in ji shi, amma magana ɗaya ce ya taɓa jin bakinsu ya zo ɗaya a kanta: uwarsu tana wuta. Mai wa'azin coci ya ce ba ta karɓi Yesu ba. Mai wa'azin kasuwa ya ce goshinta bai taɓa ƙasa ba. Ya ce, "Ku gaya mini, 'yan'uwa, in wannan shi ne adalcin Sama, me zan yi da shi?"

Ba mu amsa masa ba a daren nan. Waɗansunmu suka yi a'uziyya, wani ya tashi ya fita. Wannan rashin amsa shi ya sa muka ɗauki alƙalami, domin mun ga cewa laifin bai tsaya a kan yaron kaɗai ba.

Bari mu fara da yadda maganar ta iso ƙasarmu. Tun shekarar 1893 waɗansu samari uku, Walter Gowans da Thomas Kent da Rowland Bingham, suka sauka Ikko da nufin shigowa ƙasar da suke kira Sudan. Abin da ya koro su daga gida shi ne imanin da suka yi cewa miliyoyin rayuka a nan suna gangarawa halaka ta har abada, ba wanda ya yi musu bishara. Biyu daga cikinsu suka mutu a shekarar 1894, Bingham ya koma, amma ƙungiyar da suka fara, watau S.I.M., ta rayu. Turawan mulki sun daɗe suna hana 'yan mishan wa'azi a ƙasashen sarakunan Musulunci, sai wajen 1937 aka ba su riƙon asibitocin kutare, irin su Babbar Ruga kusa da Katsina, a zamanin Sarki Muhammadu Dikko. Daga nan suka sami ƙofa zuwa ga Maguzawan Malumfashi da Matazu da kewaye, kuma daga aikinsu ne cocin E.C.W.A. ta fito a 1954. Saboda haka Kiristan da ke maƙwabtaka da mu ba baƙo ba ne daga Kudu. Bahaushe ne, tuwonmu ɗaya, kirarinmu ɗaya, har Littafinsa da aka gama fassarawa cikin Hausa a 1932 da sunan Allah yake kiran Ubangiji. In ya ce lahira, ko tashin ƙiyama, ko wuta, ba ya bukatar tafinta a wurinmu.

To, mene ne su Kirista suke cewa game da hukunci? A taƙaice sun yi imani matattu za su tashi, Almasihu zai komo ya yi shari'a, a raba mutane gida biyu. Masu bin koyarwar bishara irin ta S.I.M. sun tsananta a kan cewa ceto ta wurin ba da gaskiya ga Yesu yake, aikin kirki kaɗai ba ya fid da mutum. Wannan shi ne abin da uban abokinmu ya ji, ya kuma riƙe. Amma ai Littafin nasu bai ƙare a nan ba. A sura ta 25 ta Matiyu, inda aka kwatanta ranar shari'a da makiyayi yana ware tumaki daga awaki, ma'aunin da aka ambata shi ne ciyar da mayunwaci, da shayar da mai ƙishi, da saukar da baƙo, da ziyarar maras lafiya da ɗan kurkuku; har ma waɗanda suka tsira suna mamaki, ba su san sun yi wani abin a zo a gani ba. Wa zai karanta wannan bai tuna da tsohuwa da rumbunta ba? A sura ta 13 kuma akwai misalin manomin da maƙiyi ya watsa wa muguwar ciyawa cikin alkama. Barori suka nemi su tuge ta, maigida ya hana su, don kada su haɗa da shuka, ya ce a bari sai kaka. Duk wanda ya taɓa noman firi a gonar gero ya san gaskiyar wannan: shuka tana ƙarama, mai gaggawa ba ya bambanta ta da ciyawa. Bulus ma, a wasiƙarsa ga Romawa, ya yi maganar al'ummai da ba a ba su Attaura ba, amma lamirinsu yana yi musu shaida. Cocin Katolika kuwa, a babban taronta na Batikan, ta fito fili a 1964 ta ce wanda bai san bishara ba, ba da laifinsa ba, amma ya nemi Allah da zuciya ɗaya, yana iya samun ceto. Ba dukan Kirista suka yarda da wannan ba, mun sani. Abin da muke nunawa shi ne, wanda ya yanke wa tsohuwar nan hukunci daga kan mumbari ya zaɓi mafi tsananin ra'ayi ne, sa'an nan ya miƙa wa yaro kamar babu wani.

Mu Musulmi kada mu yi saurin murmushi, domin namu mai wa'azin bai fi shi ba, kuma uzurinsa ya fi ƙaranci. Malamanmu na zaure, a Kusada da Kankiya da ko'ina a ƙasar Hausa, tauhidin Ash'ariyya suka gada, kuma a cikinsa akwai babi sananne na Ahlul Fatra, watau mutanen da kiran Manzo bai iske su ba, waɗanda malaman wannan mazhaba suka tafi a kan ba a yi musu azaba. Imam Gazali, wanda ya rasu a 1111, ya ƙara faɗaɗa wannan rahama har ga waɗanda suka ji sunan Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, amma ba su ji kome game da shi ba sai ɓatanci da ƙarya. Ko kira ya iske tsohuwar nan yadda ya kamata? Wa ya je ya zauna da ita? Ko kuwa abin da ta sani na Musulunci shi ne mai karɓar haraji da kalmar "arniya"? Ba mu ce tana Aljanna ba, ba mu da wannan iko. Haka nan wanda ya ce tana wuta ba shi da shi. Hukuncin kafirci a dunƙule daban, nuna mutum ɗaya da yatsa a ce wane yana wuta daban; kowane ɗalibin tauhidi ya san wannan bambanci. An ruwaito mana matar banza da aka gafarta wa saboda ta shayar da kare, da wadda ta shiga wuta saboda kyanwa. An ruwaito mana yadda aka tsawata wa Usamatu ɗan Zaidu don ya kashe wanda ya furta shahada a bakin takobi, aka tambaye shi ko ya tsaga zuciyarsa ya gani. Shi kansa Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, kafin Jihadin 1804, ya sha fama da waɗansu ɗalibai masu kafirta talakawa don ba su iya kawo hujjojin ilmin kalami ba, ya yi rubuce-rubuce da dama yana yi musu raddi. A lura, ɗalibai ne. Ciwon nan tsoho ne a cikinmu: karatu kaɗan, hukunci da yawa.

Waɗansu za su ce ai boko ne ya lalata yaron, littattafan Turawa ne. Wannan maganar tana da daɗi don tana wanke mu. Amma a duba su Turawan da suka bar addini, me ya kore su? Charles Darwin, a tarihin rayuwarsa da ya rubuta, ya nuna ƙyamarsa ga koyarwar da ke nufin ubansa da ɗan'uwansa za su dawwama cikin azaba don ba su ba da gaskiya ba. Bertrand Russell, a laccarsa ta 1927 a kan dalilin da ya sa shi ba Kirista ba ne, ya sa maganar wuta ta har abada cikin manyan hujjojinsa. Watau ba ilmin kimiyya kaɗai ya fitar da su ba, har da tunanin wani nasu da aka jefa wuta a gabansu. Abokinmu bai karanta ko ɗaya daga cikinsu ba sai daga baya. A tsakar gidansu ya sami shakkarsa, mu kuma muka ba ta taki. Ya ga ma'aikacin da ba ya rasa sahun farko amma fayil ba ya motsi a teburinsa sai da goro. Ya ga dattijon coci da ya cinye gonar marayu. In masu tsoratar da mutane da hisabi su ne ba su tsoronsa, yaro mai hankali zai yi tambaya.

Kuma mun ga inda wannan hali yake kai mu idan ya bar baki ya koma hannu. A ranar 6 ga Maris, 1987, rikici ya tashi a Kwalejin Ilmi ta Kafanchan tsakanin ɗalibai, a kan wa'azi; cikin 'yan kwanaki wutar ta kai Kaduna da Zariya da Funtuwa da Katsina, aka ƙone wuraren ibada, aka yi hasarar rayuka. A lokacin duk jiha ɗaya muke, sai a watan Satumba na shekarar aka yanke mana Jihar Katsina. A ranar 12 ga Mayu, 2022, ɗalibai ne suka kashe Deborah Samuel a Kwalejin Ilmi ta Shehu Shagari a Sakkwato, suka ƙone gawarta, ba alƙali ba shaida, har Majalisar Sarkin Musulmi ta fito ta yi Allah wadai. Ƙuna da wuta! Azabar da aka ce ta Ubangiji ce shi kaɗai, ita 'yan makaranta suka ɗauko da hannunsu. Sau biyu ke nan, kuma duk a makarantar horar da malamai.

Sai kuma Mubarak Bala, injiniya ɗan Kano, wanda ya bayyana cewa bai yarda da Allah ba. A 2014 danginsa suka kai shi asibitin masu taɓin hankali. An kama shi a Kaduna a watan Afrilu na 2020 saboda abin da ya rubuta a Facebook, Babbar Kotun Kano ta ɗaure shi shekara 24 a 2022, Kotun Ɗaukaka Ƙara ta rage zuwa biyar a 2024, daga baya ya fito. Ba mu goyon bayan cin mutuncin abin da mutane suke girmamawa, kuma zagi ba hujja ba ne. Wanda ya kafirta ya bar mu da Annabinmu. Amma a yi mana lissafi tsakani da Allah: asibiti da kurkuku sun mayar masa da imani? Ya fito yadda ya shiga, sunansa ya zaga duniya, kuma kowane mai shakka a ɗakunan kwananmu ya koyi darasi ɗaya, shi ne ya rufe bakinsa. Mai shakkar da ya yi magana ana iya amsa masa. Wanda ya yi shiru ya bi sahu don tsoro, mun yi hasararsa, kuma mun ƙara yawan munafukai, waɗanda addininmu ya ce makomarsu ta fi ta kowa muni.

Mafi yawanmu nan da shekara biyu ko uku za mu zama ma'aikata. Wani zai zauna a sakatariyar Kankiya ko ta Kusada, wani a aji, wani a ɗakin shan magani. Wata rana za a turo maka takarda mai suna Bulus ko Rifkatu, ɗan ƙasa, kakanninsa a nan aka binne su tun kafin a yanka hanyar Kano zuwa Katsina, yana neman shaidar zama ɗan ƙaramar hukuma ko gurbin karatu. Hausawa Kirista sun daɗe suna kukan cewa a irin wannan tebur ake wulaƙanta su. Sashi na 38 na Tsarin Mulkin 1999 ya ba kowa 'yancin addini har da sauya shi, amma doka ba ta zama a kujera, kai ne kake zama. In ka riga ka gama yanke masa hukuncin lahira a zuciyarka, jinkirta masa takarda ba zai dame ka ba.

Muna roƙon Ƙungiyar Ɗalibai, tare da M.S.S. da F.C.S., su shirya zama a zangon nan, a gayyato malamin da ya san tauhidi da gaske da fasto da ya san Littafinsa, a ajiye akwati a bakin ƙofa, kowa ya jefa tambayarsa ba suna. Mu dai mun riga mun san tambayar farko da za mu jefa. Abokin namu ya ce zai zo ya zauna a baya, in har an tabbatar masa ba wanda zai bi shi ɗaki bayan an tashi.