FILIN SUFURI: Inji da bwat, daidai ruwa daidai tsaki

Da zarar kaka ta yi, aya da wake da riɗi suka cika kasuwannin Cadawa da Gazawa da Gidan Rumji, sai garejojin bakin hanya su ma su cika da tsofaffin motocin da aka janyo daga ƙarƙashin itatuwa. Wannan ɗan kasuwa ne da ya gaji da biyan kuɗin lodi, yana son motar kansa. Wancan ma'aikaci ne da ritaya ta matso, ya sayi gangar jikin a-kori-kura a gwanjo, yana fatan ta riƙe masa gida ranar da albashi ya tsaya. Jiki ya samu, mai walda ya ɗinke, mai fenti ya shafe. Saura inji, da kuma bwat, wato akwatin da ke sauya giya. A nan ne dukiya ke tsira, a nan ne kuma take nutsewa.

Haɗa mota daga sassa ba baƙon abu ba ne. A Ingila sana'a ce mai zaman kanta: tun Lotus Seven ta 1957, wadda kamfanin Caterham ya sayi izinin ƙera ta a 1973, mutum na iya sayen gangar jiki a cikin akwatuna ya ɗaure abinsa a gida. A 1996 wani mai suna Ron Champion ya wallafa littafin da ke koyar da ƙera irin wannan mota da fam 250, ta hanyar kwashe kayan tsohuwar Ford Escort. Mu ma nan kusa, Peugeot 504 da ta cika hanyoyinmu a cikin akwatuna ta riƙa zuwa: masana'antar Kaduna ta fara haɗa motoci a 1975, da sassan da jiragen sama ke ɗaukowa daga Liyon ta Faransa zuwa Kano, kuma ba ta daina 504 ba sai tsakiyar shekarun 2000. Darasin da masu wannan sana'a suka daɗe da ganewa guda ne: inji da bwat da fon ƴan gida ɗaya ne, wanda ya raba su zai biya kuɗin sulhu.

Dalilin a fili yake. Inji yana juyawa ne da sauri, taya kuwa a hankali. Bwat da fon, wato ƙarfen baya mai raba ƙarfi ga tayoyi biyu, su ne ke tsakani. A yawancin tsofaffin bwat masu giya 4, giyar ƙarshe ba ta rage komai: juyi ɗaya na inji, juyi ɗaya na farfela. Ke nan fon ne ke yanke hukunci. A ɗauki tayar da ke cin mita 2 a kowane juyi. In mota na gudun kilomita 90 a awa, tayar na juyawa sau 750 a minti. Idan fon mai rage 4 ne, inji na juyi 3,000. Idan mai rage 5 ne, 3,750. Injin esansi na 504, mai santimita kubik 1,971 da ƙarfin dawaki sama da 90, sai ya wuce juyi 5,000 yake kai ƙarshen ƙarfinsa, saboda haka 3,750 ba ta dame shi ba. Amma injin gazuwal na Peugeot mai 2,304, wanda ƙarfinsa wajen dawaki 70 ne, iyakarsa wajen juyi 4,500. A ɗaure shi da gajeren fon a sake shi kan kwalta daga Agye zuwa Maraɗi, zai yi ta kuka, yana shan mai, yana zafi, har ya tsufa kafin lokacinsa. A ba shi dogon fon kuma a loda buhunan aya a nufi rairayin gulbi, sai kuloci ya ƙone kafin a fita.

Sanin irin fon bai buƙatar wani malanta. A ɗaga tayar baya guda da jak, ɗayar na ƙasa, a fitar da giya, a sa alama da alli a jikin farfela, a juya tayar sau 2 cif. Yawan juyin da farfela ta yi shi ne lambar fon. Aikin minti 5 ne, amma masu saye da yawa sai sun biya kuɗi suke tunawa da shi.

Tambayar farko, saboda haka, ba ita ce wane inji ya fi ƙarfi ba; ita ce wace hanya motar za ta ci. Babbar hanyar ƙasa mai lamba 1 ta ratsa Gidan Rumji da Tsibiri da Maraɗi da Cadawa da Agye da Gazawa, ta wuce Tasawa da Damagaram. Wanda aikinsa jigilar fasinja ne kan wannan kwalta, bwat mai giya 5 zai rage masa shan mai da wahalar inji. Wanda kuwa zai riƙa shiga ƙauyuka, yana keta Gulbin Maraɗi ko Gulbin Kaba da lodi, abin da yake bukata shi ne giyar farko mai nauyi da gajeren fon, ko da gudu ya ragu. Mota ɗaya ba ta zama ingarman sukuwa kuma ta zama takarkari.

Tambaya ta biyu: esansi ko gazuwal? An daɗe ana cewa gazuwal ya fi sauƙi, amma lissafin ya sauya. A watan Agusta na 2022 litar gazuwal ta tashi daga sefa 538 zuwa 668. A watan Yuli na 2024 gwamnati ta tsayar da esansi kan 499, gazuwal kan 618. A bisa waɗannan lambobi, sai injin gazuwal ya rage shan mai da kusan kashi 1 cikin 5 kafin ma su yi kunnen doki. Misali, motar da ke shan lita 12 ta esansi a kilomita 100 ta ci sefa 5,988. Mai gazuwal sai ya sauka ƙasa da lita 10 sannan a fara maganar riba. Injin gazuwal mai lafiya yakan yi hakan, musamman da lodi, amma kuɗin sayensa ya fi, batirinsa ya fi girma, gyaran famfonsa kuwa ba na kowa ba ne. Mai tafiya kullum zai maida kuɗinsa. Mai fita ran kasuwa kaɗai, da wuya.

Kada kuma a gina lissafi kan man ƴan ruwa-ruwa. Shekara da shekaru jihar Maraɗi na shan esansin Najeriya a kwalabe da jarkoki, ko bayan buɗe matatar SORAZ ta Damagaram a 2011. Ranar 29 ga Mayu 2023 Shugaba Bola Tinubu ya janye tallafin mai, araha ta ƙare, jama'a suka koma gidajen mai, har aka ga dogayen layuka a watan Maris na 2025. Ban da tsada, man bakin hanya yakan zo da ruwa da ƙura. Kafireto na iya haƙuri da shi, a kwance a hure a mayar. Famfon gazuwal da nozul ba su yafe wa kowa.

Tambaya ta uku ita ce mafi nauyi: in motar ta mutu a bayan Gangara ana sallar magariba, wa zai tashe ta? Hausawa sun ce tsohon doki sai mai shi. Injin 504 na esansi, da injunan gazuwal na Toyota irin su 2L mai santimita kubik 2,446 da 3L mai 2,779, makanikan ƙauye sun san su ciki da waje, kayansu kuma na samuwa a Maraɗi da Katsina da Kano. Sababbin injuna masu kwamfuta sun fi ƙarfi, sun fi tsimin mai, amma waya ɗaya in ta tsinke sai an nemo mai na'urar bincike daga birni. Wanda ya ciro irin wannan inji ya bar kwamfutarsa da wayoyinsa da makullinsa a wurin mai sayarwa, ƙarfe kawai ya saya. Su ma tsofaffin suna da sharaɗi: injunan Toyota na jerin L da bel suke aiki, ana sauya shi duk kilomita 100,000, in ya tsinke kuwa bawul da fistin ne ke karo. Tunda ba wanda ya san tafiyar da injin gwanjo ya yi, a sa sabon bel tun ranar ɗauri.

Sai maganar zafi. A watannin Afrilu da Mayu ma'auni kan haura digiri 40 a inuwa. Injin da aka ƙera don sanyin Turai, aka haɗa shi da tsohon lagireto da ya toshe, aka ɗora masa lodi cikin rairayi, kan inji ne zai fara tafiya, wanda makanikai ke kira kilas. Na Peugeot mai gazuwal da alminiyam aka yi shi, ba ya jure tafasa. Babban inji na bukatar babban lagireto da fanka mai kyau, kuma wannan ba wurin tsimi ba ne.

Haɗa injin wani gida da bwat na wani gida yana yiwuwa, masu walda na Maraɗi sun yi abin da ya fi haka. Sai dai farantin haɗi da aka yanka da ido, in ya kauce ko da kaɗan, kuloci da ƙwallayen bwat ne za su riƙa biya duk ƴan watanni. Ga sababbin kujerun inji, ga yanke farfela ko ƙara ta, ga sandar giya da ke fitowa inda ba a zata ba. Ko cikin gida ɗaya ma sai an lura: 504 ta fasinja farfelarta a cikin bututu take, saboda haka a duba wutsiyar bwat kafin a ce zai zauna a jikin a-kori-kura. Araha ba ta ado. Injin da aka rage wa mutum jika 100 a kansa, yana iya cin ninkin haka a wurin ɗauri.

Kasuwar ma ta sauya. Bayan karyewar darajar sefa a Janairun 1994, kayan gwanjo na Kwatano suka zama madogarar talaka. Bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023 aka rufe iyakar Benin, kaya suka koma zagayowa ta Lome da Burkina Faso, ko su shigo ta Jibiya da Ɗan Isa. Doguwar hanya kuɗi ce, kuma tana ba injin da aka wanke aka yi wa fenti damar shiga sahun sabon sauka. Ba a cinikin biri a sama. Mai saye ya je da bakanikensa, ba na mai kanti ba. A tada injin da sanyinsa. Shuɗin hayaƙi alamar shan baƙin mai ce. Farin da ba ya ɗaukewa, ana zargin ruwa. Farin kumfa a murfin baƙin mai ko tafasar iska a lagireto, kilas ne ke magana. A gwada kowace giya, a ji ko tana gurnani ko tana fita da kanta. A karɓi rasiɗi mai lambar inji da takardar duwan, a rubuta kwanakin gwaji a gaban shaidu.

Akwai kuma takardu, waɗanda ma'aikata suka fi kowa sanin zafinsu. Kart-giriz na ɗauke da irin man da mota ke sha da ƙarfin dawakinta na haraji, a kansu ne ake lissafin asuransi. Dokar inshora ta CIMA, wadda aka sa wa yarjejeniyarta hannu a Yawunde a 1992, ta hukunta ɓoye gaskiya: kwangila na iya rushewa, ko a rage diyya. Wanda ya maida motar esansi ta gazuwal bai gyara takarda ba, ranar hatsari zai gane. A tuna kuma cewa ƙarin ƙarfi ba ya zuwa da ƙarin burki. Waɗanda ke zaune kan buhuna ran kasuwa iyayen wasu ne da ɗiyan wasu.

Shawarar wannan fili ga mai ƙaramin jari ita ce ya nemi mota guda da ta yi hatsari ko jikinta ya ruɓe, ya kwashe inji da bwat da farfela da fon gaba ɗaya, daga gidan da bakaniken garinsu ya sani. Ya ware kashi 1 cikin 3 na kuɗinsa don lagireto da kuloci da bel da burki da takardu, kada ya taɓa shi a wurin ciniki. In abin da ya rage bai kai ba, ya haƙura zuwa wata kakar. Gangar jiki ba ta cin hatsi.

Allah ya kiyaye hanya. Sai mako mai zuwa.