Tsintsiya a Madadin Zarto

A firamaren da na yi akwai darasin da ake kira aikin hannu, amma ban taɓa ganin hannun ɗalibi ya ƙera komai a cikinsa ba. Idan ƙarshen zango ya zo, kowa sai ya sayo tsintsiya a kasuwa ya miƙa wa malami, a ba shi maki. Wanda ya kawo kuɗi ma ba a mayar masa. A bayan ajin kuwa ga karyayyun bencina jibge, mu muna zaune a ƙasa, alhali yawancinsu ƙusa huɗu da guduma kawai suke jira.

Masu kare wannan hali suna cewa ɗan shekara takwas zai yanke hannu da zarto. Wane yaron? Wanda ke ɗaukar lauje ya yiwo wa awaki ciyawa kafin ya taho makaranta? Wannan fakewa da guzuma ne. Gaskiyar maganar raini ne: mun ɗauka boko na mai farar riga ne, kafintanci kuwa na wanda karatu ya ƙi.

Ba haka aka faro ba. Makarantar da Hans Vischer, wato Ɗan Hausa, ya buɗe a Nasarawa ta Kano a 1909 tana da sashen sana'o'in hannu, har da kafintanci. Da tsarin 6-3-3-4 ya kankama a 1982, gwamnati ta shigo da injuna daga Turai domin ƙananan sakandare. Da yawansu a cikin akwatunansu suka yi tsatsa, don babu lantarki, babu malamin da ya iya sarrafa su. An fara da inji a sakandare, aka tsallake zarto a firamare.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne lissafin da muka yi asara. Yaron da aka ba katako mai inci goma sha biyu, aka ce ya raba shi uku daidai, ya taɓa rabawa da hannunsa, ba haddarta ya yi ba. Katako kuma ba ya karɓar satar amsa. Idan awo ya kuskure, kujerar za ta yi ɗingishi a gaban kowa, yaron ya koma ya sake aunawa ba tare da an ɗaga masa bulala ba.

Kowace unguwa tana da kafinta. A ɗauke shi awa ɗaya a mako, a saya masa ƙananan zartuna da guduma, malamin aji na tsaye a gefe. Katakon gwaji ma ba sai an saya ba, yana nan jibge a bayan aji.