Me zai faru da tsofaffin firintoci a shagunan buga takardu bayan Windows 10?

Tun ranar 14 ga Oktoban 2025 kamfanin Microsoft ya daina bai wa manhajar Windows 10 gyare-gyaren tsaro na kyauta da ya saba aikawa kowane wata, shekara goma bayan fitowarta a 2015.

A ƙasashen Turai da Amurka, maganar ta tsaya ne kan sayen sabuwar kwamfuta. A Najeriya kuwa ta shafi abincin mutane kai-tsaye, domin akwai ɗimbin shagunan buga takardu da ke rayuwa da tsohuwar kwamfutar tebur ɗaya da tsohuwar firinta ɗaya.

A irin waɗannan shaguna ne ɗalibai ke fitar da takardar JAMB da sakamakon WAEC da NECO, masu hidimar ƙasa su fitar da takardar kiran NYSC, masu neman aiki su buga takardunsu. Ranar da firinta ta ƙi aiki, mai shago ya tashi babu ciniki.

Me ya sa ake riƙe da tsofaffin?

Dalili na farko kuɗi ne. Bayan da Babban Bankin Najeriya ya bar kasuwa ta tsayar da farashin naira a watan Yunin 2023, dala ta tashi daga wajen naira 460 zuwa sama da naira 1,500 a farkon 2024. Kusan duk kayan kwamfuta daga waje ake shigo da su, saboda haka farashinsu ya bi dala. Ga cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023, wanda ya sa kunna janareta ya zama wani nauyi na daban.

Na biyu shi ne ƙarko. Firinta irin HP LaserJet 1020, wadda ta fito tun 2005, har yau tana aiki a shaguna da ofisoshi. Katirij ɗinta mai lamba 12A ana samun sa ko'ina, ana sake ɗura masa garin tawada, kuma masu gyara a Titin Beirut a Kano ko Computer Village a Ikeja sun san cikinta da bayanta. Haka ita ma P1102 mai amfani da 85A.

Sababbin firintoci da yawa kuwa suna zuwa da ɗan guntun lantarki a jikin katirij, wanda ke iya sa na'urar ta ƙi karɓar tawadar da ba ta kamfanin ba. Ga wanda ribarsa ke cikin ɗurin tawada mai araha, wannan ba ƙaramin abu ba ne.

Ina matsalar take fitowa?

Galibi idan aka ce firinta ta mutu, ba ita ce ta mutu ba. Abin da ke lalacewa shi ne hanyar da take fahimtar juna da kwamfuta, wato ƙaramar manhajar da masu gyara ke kira direba.

Kowane direba an rubuta shi ne domin wata irin Windows. Wanda aka yi wa Windows mai 32-bit ba zai hau mai 64-bit ba. Shi ya sa mutum zai kai kwamfutarsa a sake mata Windows, ya dawo ya tarar faifan da ya zo da firintar ya daina amfani.

Su kansu firintocin iri biyu ne. Akwai masu jin harshen bugu na gama-gari, PCL ko PostScript, kamar LaserJet 1320 da P2055. Waɗannan ko direbansu na asali ya ɓata, ana iya tafiyar da su da direban bai-ɗaya na HP.

Akwai kuma waɗanda kwamfuta ce ke yi musu kusan duk aikin, kamar 1018 da 1020. An rage musu kayan ciki ne domin su yi araha, har ta kai duk lokacin da aka kunna su sai kwamfuta ta tura musu manhajar da za su yi aiki da ita. Irin waɗannan idan babu direbansu na ainihi, babu bugu.

A nan ne matakin Microsoft na biyu ya shigo. A watan Satumban 2023 kamfanin ya sanar cewa sannu a hankali zai daina rarraba direbobin firinta na wasu kamfanoni ta hanyar Windows Update, ya koma ga tsari guda da ake kira IPP. Ɗaya daga cikin dalilansa shi ne tsaro, musamman bayan ɓarakar da aka gano a 2021 a sashen bugu na Windows, wadda aka laƙaba wa suna PrintNightmare.

Wannan bai hana a ɗora tsohon direba da hannu ba. Sai dai zamanin da mutum zai jona tsohuwar firinta Windows ta nemo mata direba da kanta yana ƙarewa.

Abin da ya kamata a duba kafin a kai ta bola

Masu gyara sukan fara da raba laifi. Yawancin firintoci na iya buga shafin gwaji da kansu ba tare da kwamfuta ba. Idan shafin ya fito tsaf, to laifin na kwamfuta ne ko na waya.

Sai a duba wayar. Kwamfutocin baya-bayan nan ba su da tsohuwar mahaɗa mai faɗi ta LPT, don haka ana amfani da wayar da ke mayar da ita USB. Idan Windows na ci gaba da tura aiki zuwa LPT1 alhali firintar na kan USB001, takarda ba za ta fito ba har sai an canza wannan a saitin firintar.

Wani lokaci kuma aiki ɗaya ne ya maƙale ya tare wa sauran hanya. Maganinsa shi ne a tsayar da Print Spooler, a share abin da ke cikin jakar spool\PRINTERS, sannan a sake kunna shi.

Ƙurar hunturu ma na da nata rabon. Robar da ke jawo takarda kan yi santsi ta daina kamawa, kuma sau da yawa goge ta ko canza ta kawai ake buƙata.

Babban mai kashe firinta kuwa wuta ce. Wadda aka yi wa kasuwar Amurka na aiki ne da wuta mai ƙarfin 110, alhali ta Najeriya 230 ce. Duk wanda ya jona ta babu taransifoma mai rage ƙarfi, nan take zai ƙone ta. Haka nan ɓangaren da ke gasa tawada a jikin takarda yana fizgar wuta sosai idan yana ɗumama, abin da ƙaramin janareta ko ƙaramar UPS ba su cika iya ɗauka ba.

Haɗarin da ba a gani

A ce firinta ta tashi. Saura kwamfutar. Windows 11 na buƙatar sashen tsaro na TPM 2.0, da kuma, a mafi yawan lokuta, ƙwaƙwalwar Intel ta zubi na takwas zuwa sama, wadda ta fara fitowa a 2017. Kwamfutocin hannu masu Core 2 Duo ko Core i3 da i5 na farko-farko ba su cika wannan sharaɗi ba. Wasu ma har yanzu Windows 7 ke kansu, wadda aka daina kula da ita tun Janairun 2020.

Kwamfutar ba za ta daina aiki ba. Amma duk sabuwar ƙofar da masu kutse suka gano, a buɗe za ta zauna. Kuma a kanta ne kwastomomi ke buɗe imel, su saka filashi, su bar hotunan katin NIN da takardun banki. Dokar Kare Bayanai ta Najeriya ta 2023 ta ɗora wa duk mai riƙe da bayanan mutane alhakin kiyaye su.

Microsoft ya ba masu amfani na gida damar tsawaita gyaran tsaro zuwa 13 ga Oktoban 2026, ko dai da dala 30 ko ta hanyar haɗa kwamfutar da asusun kamfanin. Jinkiri ne kawai na shekara ɗaya.

Mafita mafi araha ga mai shago ita ce raba aiki. Tsohuwar kwamfuta ta tsaya kan rubutu da bugu, a cire ta daga intanet, a riƙa share takardun mutane kullum. Shiga shafukan rajista kuma a bar wa na'urar da ke samun gyaran tsaro. Ya kuma sauke direban firintarsa daga shafin kamfanin da ya ƙera ta, ya ajiye a filashi biyu, domin shafukan da ke tallan direba kyauta sukan haɗa da ƙwayar cuta.

Akwai kuma Linux, wadda kyauta ce kuma tana tafiya a kan tsofaffin kwamfutoci, tana tuƙa firintocin HP da yawa ta manhajar HPLIP. Cikas ɗinta shi ne CorelDRAW da Microsoft Word, waɗanda shagunan suka dogara da su, ba a yi su domin ta ba.

Kayan da ke tafe

Kamfanin bincike na Canalys ya yi hasashen cewa ƙarshen Windows 10 na iya mayar da kwamfutoci kusan miliyan 240 shara. Tarihi ya nuna inda wani ɓangare na irin wannan kaya ke nufa. Wani bincike da Jami'ar Majalisar Ɗinkin Duniya ta shiga ciki ya gano cewa a 2015 da 2016 ana shigo da kusan tan 60,000 na kayan lantarki na hannu Najeriya a shekara, kuma wajen kashi ɗaya cikin huɗu ba ya aiki.

Saboda haka akwai yiwuwar kwamfutocin hannu su yi araha a kasuwa, amma masu arahar su ne waɗanda ba za su hau Windows 11 ba. Hukumar NESREA da ta Kwastam ke da alhakin tace abin da ke shigowa ta tashoshin ruwa. Mai saye kuma tambayoyi biyu suka rage masa kafin ya biya: wane zubi ne ƙwaƙwalwar kwamfutar, kuma akwai direban firintarsa na Windows ɗin da ke kanta?