Tukunyar Wake Ba Ta Jiran Mahauci

A gidaje da dama a Zuru, idan baƙo ya iso ya tarar da faten wake a kan murhu, uwargida kan tare shi da ban haƙuri: yau ba a samu nama ba. Ban haƙurin nan bai da tushe. Kusan kashi ɗaya cikin huɗu na nauyin busasshen wake furotin ne, sinadarin gina jiki da ake nema a nama, kuma in aka ci shi tare da tuwon dawa ko shinkafa, kowanne yana cike giɓin ɗan'uwansa.

Najeriya ce ta fi kowace ƙasa a duniya noman irin wannan wake, Nijar na biye da ita. Manomin ƙasar Zuru, ko a Fakai yake ko Sakaba ko Danko-Wasagu, ya san darajarsa tun kafin masana su faɗa: yana shuka shi a tsakanin dawa, saiwarsa ta ƙara wa gona ƙarfi, harawarsa ta riƙe awaki da rani. A shekarun nan da satar shanu ta addabi yankin, nama kuma ya yi tsada, wake ne ya rufa wa gidaje da yawa asiri. A Amurka akwai wata dahuwa mai suna chili, wadda masu ƙin cin nama ke biya su ci nau'inta marar nama, na wake da tumatir da barkono, a gidajen abinci. Mu nan abin yana rumbu, amma ana jin kunyarsa.

Abin da ke sa fate ya faɗi, rashin haƙuri ne a wurin girki. A tsince wake, a jiƙa shi tun da dare, a zubar da ruwan da safe. Hakan na rage lokacin dahuwa, ya rage kumburin ciki, ya kuma sa ba sai an zuba kanwa da yawa ba, wadda ke lalata wasu sinadarai masu amfani. A dafa shi da albasa har ya yi laushi kafin tumatir ya shiga, domin tsamin tumatir na hana wake nuna. A gefe a soya albasa cikin manja, a zuba jajjagen tattasai da attaruhu, a bar shi ya soyu har mai ya taso, a juye a tukunyar waken. Sai daddawa. Ita ce ke ba tukunya zurfin ɗanɗanon da mutane ke zaton nama kaɗai ke bayarwa, kuma dunƙulen kanti bai kama ƙafarta ba. A yanka kabewa ko dankali a ciki, a murƙushe ludayi biyu na waken don romon ya yi kauri, alayyafo ya zo a ƙarshe.

Inda ya kamata a damu shi ne waken da ake sayowa. Wasu 'yan kasuwa na yayyafa masa fiya-fiya don tsoron ƙwari, kuma ragowar irin wannan guba ce ta sa Tarayyar Turai ta hana shigar da busasshen waken Najeriya a 2015. Mafita kuwa tana nan: buhun PICS mai ruɓi uku, wanda Jami'ar Purdue ta samar, yana toshe iska har ƙwaron ya mutu ba tare da magani ba. Zuru na da Jami'ar Aikin Gona ta Tarayya tun 2020. Ya dace malamanta da ɗalibanta su fito ranar kasuwa da lokacin bikin Uhola, su nuna wa manoma da masu awo yadda ake ɗaure buhun nan.