Manhajar lissafi ta bayyana ƙa'idar da take jera abubuwa da ita

A shekarar 2019 masu binciken sinadarai a Jami'ar Hawai ta Amurka suka gano cewa wata manhaja da aka rubuta da yaren Python, wadda aka wallafa tun 2014, tana ba da amsoshi mabambanta a kan bayanai iri ɗaya. Mai amfani da Windows ya sami wata amsa, mai amfani da Ubuntu ya sami wata. Lissafin kansa ba shi da aibu. Manhajar ce ta ɗauka cewa kwamfuta za ta riƙa miƙo mata fayiloli a jere iri ɗaya kullum, alhali babu wanda ya yi mata wannan alkawari. Gyaran bai wuce umartar ta da ta jera fayilolin kafin ta fara aiki ba.

A makaranta an koyar cewa ko ta ina aka fara tarawa, jimla ɗaya ce. Kwamfuta ba ta cika wannan sharaɗi a lambobi masu ɗigo, domin tana datse su kafin ta adana. Idan ta tara 0.1 da 0.2 sannan ta ƙara 0.3, sai ta ba da 0.6000000000000001, idan ta fara da 0.2 da 0.3, sai ta ba da 0.6. Bambancin ƙanƙane ne, amma ya isa ya sa lissafi biyu su ƙi dacewa a gaban mai binciken asusu.

Masu adawa na cewa jerawa na cin lokaci, kuma da gaskiyarsu. Har ma masu yaren Go da gangan suke hargitsa tsarin wasu ma'ajiyoyinsu, don kada mai rubuta manhaja ya dogara da abin da ba a lamunce masa ba. Wannan dabara ce ta horar da magina. Amma manhajar lissafi shaida take bayarwa, kuma shaidar da ba za a iya maimaitawa ba, ba ta da daraja.

Batun bai tsaya a ɗakin bincike ba. A ce ma'aikata biyu sun sami maki ɗaya a jarrabawar ƙarin girma, gurbi kuma ɗaya ya rage. Rumbun bayanan da ba a gindaya wa ƙa'idar jerawa ba na iya ɗora kowannensu a sama, kuma ba lallai jerin yau ya zama na gobe ba. Don haka duk ma'aikatar da za ta sayi manhaja, ya kamata ta rubuta a takardar kwangila abin da zai raba gardama idan maki ya zo ɗaya, ko ranar kama aiki ce ko lambar fayil, yadda wanda aka bari a baya zai iya neman a sake lissafin a gabansa.