Kura da Shan Bugu: Farashin Ɗan Dakon Ƙwallo a Amurka

A gidajen kallon ƙwallo na Sabon Tasha, da an tashi wasan ƙarshe na Firimiya sai a kashe janareta, kowa ya kama gabansa. Ba kasafai ake samun mai zaman jiran Super Bowl ba, wasan ƙarshe na gasar zari-ruga ta Amurka, NFL, domin sai bayan sha biyun dare yake farawa agogon Nijeriya. Amma duk wanda ya taɓa tsayawa a bakin kasuwar unguwar ya ga yadda ake ciniki da mai dako, zai fahimci muhawarar da ta fi kowace zafi a wannan wasa. Mai dako ne ke ɗaukar kaya mafi nauyi, shi ne kuma ba ya iya ja a kan farashi, saboda ga wasu uku a tsaye suna jiran ya ce a'a.

A wasan, ƙungiya na da dama huɗu ta ci yadi 10 gaba. Ko dai madugun wasa, kwatabak, ya jefa ƙwallon, ko ya danƙa wa wanda ke bayansa ya rungume ta ya kutsa cikin ƙattin abokan hamayya. Wannan na biyun shi ne ranin-bak, ɗan dakon ƙwallo, wanda akan kayar sau ashirin ko fiye a wasa guda.

A da, shi ne tauraro. Christian Okoye, haifaffen Inugu, ya fi kowa cin filin gudu a kakar 1989, da yadi 1,480 a rigar Kansas City Chiefs. Sau 370 aka miƙa masa ƙwallo a shekarar. Kaka shida ya yi, gwiwa ta ce ta gaji.

Yau lissafi ya sauya. Dokoki sun ƙara kare mai jifa da mai cafewa, kuma alƙaluma sun nuna jifa ta fi gudu cin fili. Masu nazari suka ƙara da cewa nasarar ɗan dako ta fi dogara ga ƙattin nan biyar da ke buɗa masa hanya. Ga kuma iyakar kuɗin albashi da aka gindaya wa kowace ƙungiya, dala miliyan 255.4 a 2024, ta yadda duk abin da aka ƙara wa wani, an rage wa wani ne. A shekarar ce Dak Prescott, madugun Dallas Cowboys, ya samu kwantiragin dala miliyan 60 a shekara, alhali a 2023 farashin riƙe fitaccen ɗan dako na shekara guda bai wuce miliyan 10.1 ba. Chiefs sun ci kofi biyu a jere da Isiah Pacheco, yaron da suka ɗauka a zagaye na bakwai, na ƙarshe, a zaɓen sababbin 'yan wasa na 2022. Los Angeles Rams kuwa, da suka yi wa Todd Gurley babban kwantiragi a 2018, sun sallame shi a 2020.

Lissafin ƙungiyoyin daidai ne. Inda gizo ke saƙar shi ne, arahar nan ba daga sama ta faɗo ba, rubuta ta aka yi. Yarjejeniyar 2011 tsakanin masu ƙungiyoyi da ƙungiyar 'yan wasa ta ƙayyade albashin sabon shiga na shekara huɗu, kuma ba ya da ikon neman a sake ciniki sai ya cika uku. Ga madugu, wanda kan yi wasa har ya doshi arba'in, wannan zaman almajiranci ne kafin a fara girbi. Ga ɗan dako kuwa, shekarun nan huɗu su ne kakarsa gaba ɗaya. Ranar da doka ta ba shi izinin buɗe baki, jikinsa ya riga ya fara saki.

Jay Ajayi, wanda aka haifa a Landan, iyayensa 'yan Nijeriya, shi ne misalin da ya fi ciwo. Miami Dolphins suka ɗauke shi a zagaye na biyar a 2015. A 2016 ya ci yadi 1,272, har sau uku yana haura 200 a wasa guda. A 2017 aka miƙa shi ga Philadelphia Eagles, ya ci Super Bowl da su a Fabrairun 2018. A Oktoban shekarar, cikin kakar ƙarshe ta kwantiraginsa na sabon shiga, jijiyar gwiwarsa ta tsinke, yana da shekara 25. Babban kwantiragin da ake jira bai taɓa zuwa ba.

Masu kare martabar gurbin kan kawo Saquon Barkley. New York Giants sun bar shi ya tafi a 2024, Eagles suka ɗauke shi, ya ci yadi 2,005, suka ɗaga kofi a Fabrairun 2025, sannan ya zama ɗan dako na farko da ya haura dala miliyan 20 a shekara. Sai dai hujjar tana da baki biyu. A New York, inda ba shi da masu buɗa hanya na kirki, gwanintarsa ba ta kai ƙungiyar ko'ina ba. A wasan ƙarshen ma yadi 57 kawai ya ci, ko da yake tsoronsa ne ya sa Chiefs suka taru a kansa, fili ya buɗe wa wasu. Wannan tsoron ba ya shiga alƙaluma, kuma a nan ne masu lissafi ke rage wa gwani mudu.

Gyaran da ya dace ba roƙon masu ƙungiyoyi su ji tausayi ba ne, domin ba wanda zai sayi da tsada abin da doka ta ba shi da araha. A rage wa'adin kwantiragin farko na wannan gurbi zuwa shekara biyu, ko a ɗaure ladan sabon shiga da yawan ƙwallon da ya ɗauka. Fitattun 'yan dako sun yi taro ta Zoom a Yulin 2023 suna kokawa, ba abin da ya canza a takarda. Su 'yan tsiraru ne a ƙungiyar 'yan wasa, kuma yarjejeniyar da ake aiki da ita yanzu, wadda aka sa wa hannu a 2020, sai bayan kakar 2030 za ta ƙare.