Tsohon da ya raba garkensa, wa zai tatsar masa?

Jama'a, duk wanda ya ratsa rugagen arewacin Dakwaro ko na Abalak bayan garke ya tashi, ya san abin da zai tarar: bukka ɗaya ko biyu, tsoho da tsohuwarsa, da ƴan awaki. Ku zauna ku ji ta bakinsu. Mutuwa kam sun bar wa Allah. Abin da ke hana su barci shi ne ranar da za a kai akuyar ƙarshe kasuwa, sannan ɗa ya zo ya kwashe su zuwa ɗakin haya cikin birni, inda ba nono, ba kukan maraƙi.

Mu dubi yadda abin ya kai nan. Makiyayi yakan fara raba dukiyarsa tun ranar suna: a ba jariri maraƙa, ita da duk abin da ta haifa nasa ne. Kafin auta ya yi aure, uba ya kusa zama hannu wofi. Da can ba a damu ba, don ɗa yana kusa, ƙwaryar nono tana zuwa safe da maraice. To, farin 1973 da na 1984 suka karya garake, kuma tun da aka gano zinariya a Jado cikin 2014 samari da yawa sun ajiye sanda sun nufi arewa. Ma'aikacin gwamnati yana da fansho. Makiyayi fa, saniyarsa ce fanshonsa, ga shi ya riga ya ba da ita.

Ni dai a ganina, kada uba ya ji kunyar riƙe shanun tatsa biyu da sunansa har ƙarshen ransa. Masu cewa rowa ce, su ne za su ciyar da shi da bazara?

Ƙungiyarmu ma da sauran aiki. Masu ba da agaji sun rungumi habbanaye, madalla, amma habbanaye na mai shekaru a gaba ne, wanda zai jira karsana ta haihu ya kafa garke. Tsoho nono yake so yau. Aron saniyar tatsa tsohuwar al'adarmu ce, kuma manyan fataken shanu suna da halin bayarwa. Kafin ciyawa ta bushe bana, kowane reshe ya ƙidaya tsofaffin da aka bari su kaɗai, ya kawo sunayensu wurin taro.